Ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Delhi: wai me Vastu ke cewa, in kama ko in bari?

Ɗan_Autan_Inna:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Indiya ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ina shekarar farko a digiri na biyu a nan Delhi, tun zuwana a hostel nake, to yanzu iyalina za ta iso ƙarshen watan Mayu in sha Allah, ita da yaronmu ɗan wata tara, dole in nemi gida. Sati uku ke nan ina yawo da dillali ta wajen Malviya Nagar, duk inda muka je ko kuɗin ya fi ƙarfina ko kuma mai gidan ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ai an riga an kama. Jiya dai ya kai ni wani fulat a besmen, wato ƙarƙashin ƙasan wani gida mai hawa uku, ciki da falo, ga kicin ga banɗaki, an yi sabon fenti fari tas, rupi 11,000 a wata, alhali irinsa a sama duk waɗanda na gani ba wanda ya gaza 18,000. Kuma wallahi muna sauka na ji wani sanyi ya ratsa ni kamar an kunna esi, a wannan zafin na Afrilu fa.

Matsalar ita ce da na nuna wa abokin karatuna Ba'indiye hotunan sai ya dafe kai. Nan take ya kira mamansa ya sa a sifika, ta dinga zuba Hindi yana fassara min, wai a Vastu mutum ba ya kwana a ƙarƙashin ƙasa, wai kuɗi ba sa zama a hannun mai kwana a can, ga ciwo, ga faɗa tsakanin miji da mata ba gaira ba dalili. Da na koma na gaya wa dillalin sai ya yi dariya ya zaro waya ya buɗe kamfas, ya nuna min wai ɗakin yana ɓangaren arewa maso gabas, saboda haka Vastu ma ya amince da shi.

To ni tambayata, shi wannan Vastu ɗin mene ne ainihinsa, kuma wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Ni dai Musulmi ne ban yarda wani lungu na gida yana riƙe da arzikina ba, amma kuma yadda matar nan ta tsorata ya tsaya min a rai. Ranar Asabar aka ce in kawo kuɗin ajiya na wata biyu ko a ba wani.

Sarkin_Yawo:

Wa alaikumus salam. Haba malam, camfin mutane ne fa, kai me ya haɗa ka da shi? Su suka ƙi ɗakin farashi ya faɗi, kai kuma ka samu araha, ai gaba ta kai ka. Kama abinka ka shiga da bismillah. Ni gidan da nake a Pune ƙofarsa kudu take kallo, mai gidan ya sha fama kafin ya samu ɗan haya saboda wai kudu ɓangaren mutuwa ne a wajensu, yau shekarata uku a ciki ko ciwon kai ban yi ba sai na jarrabawa.

Mai_Zanen_Gini:

Ƙanena, bari in ɗan yi tsawo, don zanen gine-gine na karanta a ƙasar nan kuma duk wanda ya yi wannan karatun a Indiya sai ya ci karo da Vastu ko yana so ko ba ya so. Ka gama zane tsaf, mai gida ya kai wa mai dubansa, a dawo maka da shi an zagaye banɗaki da jan biro.

Vastu Shastra tsohon ilimin tsara gini ne na Hindu, akwai shi a littattafan Sanskrit irin su Manasara da Mayamata, da Brihat Samhita na Varahamihira wanda aka rubuta tun ƙarni na 6. Tushensa wani zane ne da suke kira Vastu Purusha Mandala, ana yanka fili gida-gida kamar dara, 64 ko 81, sai a ɗauka akwai wani halitta kwance rub da ciki a kan filin, kansa a arewa maso gabas, ƙafafunsa a kudu maso yamma. Kowace kusurwa da abin da aka ba ta. Arewa maso gabas, Ishanya, ta ruwa ce da ibada, ana so ta zama fili, ba nauyi, kuma ta fi ko'ina gangare. Kudu maso gabas, Agneya, ta wuta ce, can ake kicin. Arewa maso yamma ta iska. Kudu maso yamma, Nairutya, ta ƙasa ce, ana so ta fi ko'ina tudu da nauyi, can ne ɗakin mai gida. Tsakiya kuma Brahmasthan, a bar ta a buɗe kamar tsakar gida. Ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, birnin Jaipur da Sarki Jai Singh na biyu ya kafa a 1727 ana yawan kawo shi misalin garin da aka tsara a kan wannan tunanin.

To a kan besmen, maman abokinka da dillalinka duk sun faɗi gaskiya, sai dai ta dillalin rabi ce. Abin da mafi yawan masu duban Vastu suke faɗa shi ne, asali ba a son rami a ƙarƙashin gidan zama, in kuma dole ne to a haƙa shi a arewa ko gabas ko arewa maso gabas, kada a kuskura a yi a kudu maso yamma don can ne ake son nauyi, kada ya cinye ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, kuma a bar wani sashe nasa ya leƙo sama da ƙasa yadda hasken safiya zai shiga ta taga. Wannan shi ne abin da dillalin ya nuna maka a kamfas. Abin da ya haɗiye shi ne ko a wannan kusurwar ma cewa suke a yi sito ko ofis ko wajen zaman tunani, ba ɗakin kwana ba, kuma ba sa son kicin ko banɗaki a ciki. Kai kuwa naka duka ukun yana da su. Dalilinsu wai prana, wato ƙarfin rai da suke cewa rana da iska ke kawowa, ba ya sauka can, sai ya zama wajen ya mutu.

Amma ka sani, lokacin da aka rubuta waɗancan littattafan babu fulat na haya mai hawa-hawa, magana ake ta haikali da fada da gari da gidan mutum a kan filinsa. Dokokin besmen da ake yawo da su yanzu yawancinsu fassarar masu duba na wannan zamanin ce, shi ya sa za ka je wajen uku ka ji magana uku, kuma kowanne ya ƙare da sayar maka da magani: kwanon gishirin teku a kusurwa, madubi a bangon arewa, ɗan dala na tagulla, fenti mai haske. Kuma su kansu Indiyawan da ba gudun ƙarƙashin ƙasa suke ba, tsofaffin gidajen masu hali a Delhi da Lucknow suna da tehkhana, ɗaki ne a ƙasa da ake sauka a fake wa zafin bazara. Wannan sanyin da ka ji gaskiya ne, ƙasa ce ke riƙe shi. Sai dai su da rani suke sauka, damina na zuwa su hau sama.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Shi Vastu ɗin nan da kansa cewa yake fili ya gangara zuwa arewa maso gabas, ruwan sama ya bi ta can, tankin ƙasa da rijiya ma a can ake so a haƙa. To in mai gidan nan ya bi wannan tsarin da gaske lokacin gini, ɗakin da ake yi maka talla da shi yana daidai inda ruwan gidan gaba ɗaya yake taruwa. Ni wannan ya fi damuna a kan prana.

Sarkin_Yawo:

Injiniya ka ga irinta ko, kwanon gishiri. Wato talauci na ganin gishiri zai juya. 😂

Mai_Zanen_Gini:

Ai gishirin ne ma mai ɗan amfani a ciki, yana jan laima, da safe ka tarar ya jiƙe sai a ce maka ya zuƙe mugun abu. Danshi ya zuƙa, shi ma ɗan kaɗan.

Maman_'Yan_Biyu:

Ɗan'uwa ni ban san Vastu ba ban san kakansa ba, amma na kwana a besmen a Delhi wata huɗu, lokacin da na kawo mahaifiyata asibiti aikin gwiwa. Kusa da asibitin muke so kuma kuɗi sun riga sun tafi a aiki, sai muka kama. Mun shiga a Mayu muna ta murna, waje wuta ciki sanyi, Hajiya har cewa take wannan ɗaki ai rahama ne.

Ƙarshen Yuni ruwa ya sauka. Abin da na fara lura da shi wanki, in na shanya zanen Hajiya a ciki sai ya kwana biyu bai bushe ba kuma ya ɗauki wani wari kamar tsohuwar rijiya. Sai ashana ta daina kamawa, sai garin da muka zo da shi ya dunƙule. Wata rana na jawo akwati daga ƙarƙashin gado zan ɗauki takalmina na fita, baƙin takalmi ne amma na same shi kore shar da fumfuna, har cikin jakar fasfo abin ya shiga. Bangon kuma fentin ya dinga kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, su suna ce masa silan, kowane Ba'indiye ya san kalmar nan, ka tambayi abokinka.

Amma daren da ba zan manta ba wajen ƙarfe biyu ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ji banɗaki yana wani gurgur gurgur. Na tashi na haska waya don an ɗauke wuta, ashe ba ta ƙofa ruwan ya shigo ba, ta ramin ƙasan banɗaki yake tasowa, baƙi, da duk abin da kake tunani a cikinsa, don lambatun titi ya cika ya dawo da baya kuma mu ne a ƙasa da kowa. Injin da ke zuƙe ruwan na lantarki ne, ba wuta ba inji. Ga tsohuwa da sabon ɗinki a gwiwa, ga matakala goma sha uku, na ƙirga su a daren nan ɗaya bayan ɗaya tana rataye a wuyana. Iya idon sawu ruwan ya tsaya, Allah ya taƙaita, amma sallar asuba a kan matakala muka yi ta.

Kuma maganar faɗan miji da mata da maman abokinka ta yi, kada ka yi mata dariya. Kai za ka fita makaranta tun safe ka ga rana ka ga mutane. Ita za ka bari da jariri a inda ba ta san azahar ta yi ba sai ta duba agogo, ba yare, ba maƙwabciya, netwok ma sai ta hau sama take samu. Sati uku a haka ko waliyyiya ce za ta tare ka da faɗa a bakin ƙofa. Ka tambaye ta tukun kafin ka biya, ka nuna mata bidiyon tagar ba na tayil ba.

Almajirin_Malam:

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, Maman 'Yan Biyu.

Ta fuskar addini abin a bayyane yake ɗan'uwa. Cewa wata kusurwa tana da abin bauta mai tsaronta, ko kudu na kawo mutuwa arewa na kawo dukiya, wannan aƙidarsu ce, mu ba ma ɗauka, kuma ba sai mun zage su ba tunda a ƙasarsu muke kuma matar nan don tausayinka ta faɗa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu camfi. In ka bar ɗakin don tsoron wai arziki zai gudu, ka faɗa cikin abin da aka hana. In ka bar shi don danshi da ruwa da lafiyar yaro, wannan riƙo da sababi ne, ba komai. Aiki ɗaya ne, niyya ce ta raba. Akwai ma ruwayar da ta ambaci gida cikin abubuwan da ake samun shu'umci a cikinsu, kuma daga cikin bayanin da malamai suka yi akwai cewa shu'umcin gida shi ne ƙuncinsa da mugun maƙwabci, wato abin da ido ke gani ne yake cutarwa.

Wani abin dariya kuma, in za ka bi Vastu to ka shirya juya gado. Su babban haramun ne ka kwanta kanka na arewa, sun ce kwanciyar gawa ce, kudu ko gabas suke so. Mu kuma a Delhi alƙibla yamma take, in ka kwanta a kan damanka kana fuskantarta kanka dole arewa zai kalla. Mai gidana na farko ya shigo gyaran fanka ya ga shimfiɗata, har ya fita ya dawo ya ce dan Allah in juya filo, shi ba zai iya barci ba yana sane.

Ka yi istihara, amma ka yi ta bayan ka je ka duba bangon.

Tsohon_Ɗalibi_Delhi:

Duk an yi maganar Vastu da addini ba wanda ya taɓo doka, kuma ita ce za ta fara cizon ka tunda baƙo ne kai.

Ƙa'idar gini ta Indiya ba ta ɗauki besmen a matsayin wajen zama ba, izinin da ake bayarwa yawanci na sito ne ko fakin ko injina. Masu gida suna sa tayil su yi fenti su ba da haya, hukuma ta kau da kai, har ranar da wani abu ya faru. Wanda yake Delhi a 2024 ya san abin da nake nufi. Ranar 27 ga Yuli a Old Rajinder Nagar ruwan sama ya cika titi ya ɓalle ya afka besmen ɗin wata cibiyar koyar da masu shirin jarrabawar aikin gwamnati, ɗalibai uku suka rasu a ciki, matasa masu ƙafafu lafiya ba tsofaffi ba. Wajen an ba shi izinin ajiya ne aka mai da shi laburare. Bayan nan hukumar birni ta bi unguwanni tana garƙame besmen-besmen, mutane suka wayi gari kayansu a ciki an sa hatimi a ƙofa. Kuma wata guda kafin wannan, ranar 28 ga Yuni, an auna ruwa milimita 228 cikin awa 24 a Safdarjung, wanda ba shi da nisa da inda kake neman gidan.

Sai maganar takardu. Kai da madam duk kuna buƙatar adireshi na gaskiya a FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje, mai biza ta sama da kwana 180 dole ya yi rajista cikin kwana 14 da isowa, kuma mai gida sai ya cike Form C cewa ya saukar da baƙo ɗan ƙasar waje. Ka ce wa mai gidan kana son yarjejeniyar haya ta wata 11 da aka saba, a rubuta ƙarara cewa besmen ne kuma na zama ne, sannan zai cike Form C. Ka kalli fuskarsa lokacin da kake faɗa.

In ka koma kada ka je da dillali shi kaɗai yana cika ka da surutu. Ka matsar da kwaba ka ga bayanta, sabon fenti a watan Afrilu ba don kai aka yi shi ba. Ka duba ƙofar fita guda nawa ce, in ɗaya ce kuma tagogin da ƙarfe a jiki to ka san me ke nan ranar gobara. Ka tsaya a titi ka ga shin bakin matakalar ya fi kwalta tudu ko ruwa zai gangaro kai tsaye. Ka tambayi mai shayi ko mai guga na layin iya ina ruwa ya kai bara, su ba su da riba a yi maka ƙarya. Sannan gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in silinda ta yi yoyo a sama yana samun hanyar fita, a rami kwanciya yake a ƙasa yana jiran ashana. Da sanyin Disamba kuma kada wanda ya ba ku shawarar kunna gawayi a rufaffen ɗaki, duk shekara sai an ji ya kashe mutane a barci a garin nan.

In kuɗin ne matsala ka nemi barsati, ɗakin da ake yi a saman rufin gida, shi ma yana da sauƙi. Zafinsa a Mayu da Yuni ba a magana, amma kula, na'urar sanyaya ɗaki mai fanka da ruwa, tana rage shi.

Ɗan_Autan_Inna:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau bayan la'asar na koma ni da abokin nawa ba tare da dillalin ba, yaron mai gidan ya buɗe mana.

Yaya Tsohon Ɗalibi kamar kana wajen. Mun ja kwabar falo, ashe bayanta ba a yi fentin ba, ga wani layi ruwan ƙasa ya bi bangon a miƙe kamar an ja da rula, na gwada da ƙafata ya kusa gwiwa. Soket ɗin da ke wajen duk an ɗaga su sama an toshe ramukan na ƙasa da siminti. Taga ɗaya ce a ɗakin kwanan, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, abin da kake gani ta ciki tayar babur ɗin da aka faka. Mai gugan bakin layi da abokina ya tambaye shi bai ce komai ba, hannu kawai ya sa a cinyarsa ya nuna. Shi kuma yaron da bakinsa ya ce asali babansa don yayansa ya gyara wajen lokacin da zai yi aure, sai mai duban Vastu ɗinsu ya hana, shi ne aka sa haya. Na ce to Form C fa, ya ce sai dai a rubuta hawa na ɗaya.

Na tura wa madam bidiyon tagar kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce, amsar da ta turo min ita ce "a ina zan shanya kayan yaro?"

Dillalin ya kira ni sau shida, yanzu wai an rage zuwa 9,500. Gobe zan je ganin wani barsati a Khirki, hawa na huɗu ba lifta, 13,000. Wanda ya taɓa zama a irinsa da ƙaramin yaro dan Allah ya gaya min, kula kaɗai tana isa a watan Yuni ko sai na nemi esi na haya?

Sarkin_Yawo:

To na janye tawa, layin bangon nan ya fi ƙarfina. Kula tana yi har ruwa ya sauka, daga nan iska ta jiƙe sai ta koma hura maka tururi, ka tanadi kuɗin esi na Yuli da Agusta. Kuma ka ƙirga matakalar tun yanzu, don kai za ka dinga hawa da jarkar ruwa mai lita 20.